Kafin a Zuba Tuwo a Akushin Nan

Riruwai,
Ranar Laraba.

Zuwa ga yaron Gwaggo, malamin makarantar Tudun Wada.

Bayan gaisuwa mai yawa da addu'a, ina fata motar katakon nan ta kai ka lafiya, ba ta mace muku a hawan dutse kun sauka kuna turi ba kamar wancan karon. Allah ya sa ka iske ɗakinka da yaran makarantarka lafiya, ya tsare ka da tsarewarsa, ya raba ka da sharrin mutum da na aljan. Mu nan lafiya lau. Mahaifinka Helma yana nan da tarinsa, ƙanwarka Uwani tana gaishe ka.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga gare ni. Kada ka yi dariyar rubutun, hannun da ya tsufa a kan muciya ba ya shiri da fensir. Ɗan abin da na samu ne a ajin yaƙi da jahilci, in ka ga wani baƙi ya karkace, kai ne malami, sai ka miƙe shi. Kai ɗan fari ne. Tun da aka haife ka ban taɓa kama sunanka ba, ban taɓa zama na dube ka na yi maka doguwar magana ba. Gwaggo ce ta goye ka, ita ta yaye ka, ni kuwa sai dai in aika maka da ƙanzo ta hannun wani in kau da kai. Haka muka tarar, ban kuma ƙi ba. To Gwaggo ta riga mu gidan gaskiya, babu wanda zan aika da irin wannan magana, takarda kuwa ba ta da idon da zan ji kunya.

Ga abin da ya sa. Ranar da za ka tafi, ka aiko Uwani ta roƙar maka babban akushin nan da ke rataye a madafi. Wai tunda 'yan ƙwallon Tudun Wada sun naɗa ka kyaftin, kana so ku riƙa cin tuwo a ciki ranar wasa, yadda ka ga ana yi a gidanmu kana yaro. Na sauko da shi, na wanke, na shafa masa mai, na ba ta. Ina bayan zana ina ƙulla maka daddawa da kuka, sai na ji kana gaya wa Helma a zaure cewa akwai 'yar magana a kan golanku, Lawandi. Wai wata yarinya mai kai abinci gona ta ce ya tare ta a hanya ya keta mata mutunci. Helma ya tambaye ka me za ka yi. Kai kuwa ka ce, "Baba, ba mu da wani gola. Bari a buga wasan kofi da 'yan Kiru tukuna, bayan wasa sai a duba maganar." Uwani da ta kawo muku ruwa ta ce, "Yaya, ya sunan yarinyar?" Ka ce ba ka sani ba.

Wallahi ƙullin daddawar nan faɗuwa ya yi daga hannuna. Maganar da ka yi tawa ce, daga bakina ta fara fita a gidan nan, kana makarantar Midil a Kano ba ka san abin da ake ciki ba. Ban taɓa tsammanin zan ji ta da muryarka ba. Kafin in tattara hankalina mota ta yi ƙaho, ka ɗauki akushi ka tafi.

Jiya Helma ya gan ni da fensir, ya ce me nake ta rubutawa haka kamar malamin alkali. Na gaya masa. Sai ya ce, "Ki gaya masa har da nawa." To saurara.

Ka san asalin akushin nan? Lokacin da Turawan kuza suka kawo ƙwallo da riguna masu ratsi, don su raba leburori da caca ranar Asabar, mahaifinka suka ba riƙon ƙungiya tunda shi ne helma, shugaban leburori. Ni kuma sai na wayi gari na zama uwar ƙungiya ba tare da an naɗa ni ba. Ni ke wanke riguna, ni ke ɗinke inda ya yage, ni ke gasa ƙafar wanda ya yi targaɗe. Yaran nan kowa da garinsu: ga Bakano, ga Bazazzagi, ga Bakurame, ga ɗan Barno, ga mutumin Kudu da ko sannu bai iya ba. Da farko in an shiga fili dambe ake yi, ba tamaula ba. Shi ne Helma ya ce in riƙa tuƙa musu tuwon dawa ranar wasa, miyar kuka da man shanu, su ci a akushi ɗaya. Ya kafa musu doka, ya ce hannun da ya shiga akushin nan ba ya nuna ɗan'uwansa.

Dokar ta yi aiki, kada ka ce ban faɗa ba. In ɗaya ya kwanta ciwo, sauran su haƙa rabonsa a rami don kada a kore shi. Da uban ɗayansu ya rasu, duka suka taka a ƙasa zuwa ta'aziyya. Na yi alfahari da akushin nan fiye da kwallayen jerena.

A cikinsu akwai Tanimu, wanda ake kira Barewa. Maraya ne daga wajen Bebeji, siriri, mai fara'a, in ya ja ƙwallo sai dai a bi ƙurarsa. Ba zai shigo gidan nan ya ga randa ba ruwa ya zauna ba. Zan gaya maka gaskiya ko da za ka ji kishi: abin da kunya ta hana ni yi maka, shi na yi wa. In na zuba miya, babbar tsoka a gefensa nake ajiyewa. Kowa ya sani, har tsokanarsa suke yi, wai ɗan Inna.

Akwai kuma Shatu, Bafillatanar da ke kawo mini man shanu da nono daga rugar bayan dutse. Yarinya ce ɗanya, ba ta daɗe da aure ba, mijinta ya yi kudu da shanu. In ta zo sai ta sauke ƙwarya ta zauna a bakin madafi tana taya ni tsintar wake, tana yi mini dariya wai ban iya damu ba. Gyaran da take yi mini ya kusa fin abin da na saya. Ita ma Inna take ce mini.

Ran nan da hantsi, ana jibi za mu buga wasan kofi da 'yan Tudun Wada, garin da kake yanzu, sai ga Shatu ta shigo babu sallama, babu ƙwarya a ka. Ɓallin ƙwaryar ne kawai a hannunta. Ta wuce bayan turmi ta durƙusa. Zanenta ya yage, tsakiyar da ta rataya a wuya ta tsinke, ga ƙarzuwa a wuyan. Na ce, "Subhanallahi, Shatu, faɗuwa kika yi?"

Ta ce, "Inna, yaronki ne."

Na ce, "Wane yaron?"

Ta ce, "Mai gudun nan. A bakin tsohon ramin kuza, inda ciyawa ta rufe hanya."

Ba sai na ƙara maka bayani ba, kai ba yaro ba ne. Na gane, zuciyata ta gane tun kafin ta rufe baki. Amma ka san abin da ya fito daga bakina? Na ce, "Ke kuwa me ya kai ki ta nan ke kaɗai? Ina sauran matan rugar?"

Ta ɗago ta dube ni. Ta ce, "Man shanunki na yi sauri in kawo. Kin ce na wasa ne."

Har gobe in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Yarinya ta ratso gari, ta wuce gidan mai unguwa, ta wuce ɗan doka, ta zo wurina don ni ce take gani uwa, ni kuma na fara tuhumarta. Kai yaro, in aka kawo maka irin wannan ƙara, ka kula da kalmarka ta farko, ita ce mutum yake tafiya da ita har kabari. Kada ka tambayi me ya kai ta, ko me ta saka, ko me ya hana ta ihu. Hanyar gona ta kowa ce. Ka ce, "Na ji. Sannu. Ba za a bar maganar nan ba." Tambayoyi suna da ranarsu, suna da mai yin su, ba kai ba ne.

Na ba ta ruwa ta wanke jiki, na ba ta zanena. Sannan na riƙe hannunta na ce, "Shatu, ki yi haƙuri, ki rufa mana asiri. Bari a yi wasan nan na jibi, bayan wasa sai a duba maganar." Ka ji inda ka gado ta. Da na gaya wa Helma ya dafe kai ya yi salati, amma shi ma ya ce haka ya fi, don in babu Barewa babu kofi, Bature kuma ya sa rai.

Ranar Asabar na tuƙa tuwo. Na sayi man shanu a wurin wata. Barewa ya shigo ya gaishe ni yana dariya, ya wanke hannu ya zauna a inda ya saba. Ludayi na hannuna. Da na ce, "Tanimu, tashi, yau ba da kai ba," babu wanda zai musa mini, ko Helma, don akushin nawa ne. Sai hannuna ya bi abin da ya saba, na ajiye masa tsokar a gefensa.

Ya kuwa ci musu wasa. Shi ya jefa ƙwallon da ta kawo kofi. Aka ɗaga shi a kafaɗa, da kiɗa da guɗa, aka zaga da shi gari, aka ratsa da shi ta kasuwa, ta gindin tsamiyar da Fulani ke zama da ƙoren nono. Shatu tana wurin, surukarta ta fito da ita don kada mutane su yi zargin wani abu. Ta ga an wuce da shi a sama kamar ango, ta kuma gan ni a cikin mata ina tafi.

Yaro, "bayan wasa" ba ya zuwa. Mutumin da gari ya ɗauka a kafaɗa ran Asabar, wa zai kira shi ya tuhume shi ran Lahadi? In kun ci, za a ce kada a ɓata murna. In an ci ku, za a ce kada a haɗa masa zafi biyu. In za ka ajiye Lawandi, to kafin a busa usur ne. Ban ce ya yi ba, ban san shi ba, Allah ya sa ƙarya ce. Ajiyewa ba hukunci ba ne. Nonon da ake shakkar wani abu ya faɗa ciki, rufe shi ake a sa gefe, ba a zubarwa, ba a kuma dama fura da shi a miƙa wa baƙo. Ka kira shi kai da shi, ka gaya masa a fuskarsa, da mutunci: ga abin da aka ce, rigar ƙungiya za ta jira har a gane gaskiya. In shi mai gaskiya ne, wasa ɗaya ya rasa. Ita kuwa in ita ce mai gaskiya, ka sa shi a raga gari yana yi masa kirari, to ka gaya wa duk 'yan matan Tudun Wada matsayinsu a wurinka.

Ba mu tsaya nan ba. Da abin ya dame ni na matsa wa Helma, sai ya ce to a zauna a zaure a kashe maganar a cikin gida, ba sai ta kai gaban alkali ba. Ni na taka har ruga na zo da ita, don in ba ni ba ba za ta biyo kowa ba. Muka shiga, hannunta cikin nawa. Ga Helma, ga dattawa biyu, ga 'yan ƙwallo duka sun jeru a bango, Barewa a tsakiyarsu. Tun kafin a tambaye ta suka fara, ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce, "Tare muke da shi a rami tun safe." Dauda mai tsaron baya ne kaɗai ya faɗi haka da kai a sunkuye, yana wasa da bakin tabarma. Daga ganinsa na san ƙarya yake.

Helma ya ce, "To 'yar Fulani, faɗi abin da ya faru."

Haba! Bafillatana, a gaban maza cike da zaure, ga wanda ya yi mata yana kallonta, ta buɗe baki ta faɗi wannan? Matar da ko abinci ba ta ci a gaban mutane? Sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Aka jira, shiru. Ɗaya daga cikin dattawan ya ce, "Kun gani ko? Mai gaskiya ba ya rasa baki." Ɗayan ya ƙara da cewa ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ina ji a hankali ta zare hannunta daga cikin nawa. Ni ban ce uffan ba, alhali ni na ga zanen, ni na ga wuyan.

Ƙungiyar ƙwallo ba kotu ba ce, ka riƙe wannan. Masu son kofi ba za su yi shari'ar wanda zai kawo musu kofi ba, ko da kuwa dukansu mutanen kirki ne, yaranmu kuwa mutanen kirki ne. Kada ka tara 'yan wasanka ka kira yarinyar nan gabansu. Ka nemi dattijuwa mai amana, ungozoma ko matar hedimasta, ta je ta saurare ta a ɗaki, mace da mace. Daga nan magana ta mai gari ce da alkali. Naka shi ne ka raka iyayenta, ka faɗi abin da ka sani, ka gaya wa yaranka duk wanda ya yi rantsuwar ƙarya don ɗan'uwa shi ma ya tuɓe riga. Shatu ba ta da wanda zai kai ta gaban alkali, mijinta ba ya nan, ardonsu kuma ba ya son rigima da barikin kuza. Da Helma ya kai maganar da an saurare shi. Shi da kansa ya ce in gaya maka wannan.

Bayan kwana biyu na ɗauki goro, da sabon zane, da sabuwar ƙwarya mai zane, na nufi ruga wai zan ba da haƙuri. A raina kuwa na san toshiyar baki ce. Surukarta ta tare ni tun daga bakin garke, ko tabarma ba ta shimfiɗa mini ba. Ta dubi kayan, ta dube ni, ta ce, "Mayar da abinki. Ƙwarya muna da ita." Na juyo da kayana a ka. Damina na faɗuwa rugar ta tashi. Tun daga nan matan Fulani suka riƙa wuce ƙofata da tallan nono kamar babu gida a wurin. Kada ka aika da goro ko tufafi gidan yarinyar nan kafin a yi shari'a, kada kuma ka bar wani mai kuɗin ƙungiya ya aika. Ko da zuciya ɗaya aka kai, abin da zai gaya musu shi ne an yi wa 'yarsu kuɗi.

Da shekara ta zagayo abin ya sake faruwa. Wannan karon ƙanwar Dauda ce, da ta zo daga ƙauye tana yi masa girki. Shi Daudan da ya ce tare suke a rami. Ranar na ga tashin hankali. Dauda ya fito da diga a hannu, yaran da suka rantse saboda Barewa su ne suka bazu gari da sanduna suna nemansa. Helma ya ɓoye shi a rumbu, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce sai dai a fara da shi. Wannan ya yi daidai, kai ma kada ka bari a daki kowa, kada ka bari a zubar da jini a kan zargi ko a kan tabbas. Amma da gari ya waye, maimakon a miƙa shi ga ɗan doka, sai aka sa shi a motar kuza, da saƙo zuwa ga helman wani bariki wajen Jos, wai ga yaro nan mai ƙafa, a riƙe shi. Ni na ƙulla masa guzuri, ina kuka, don har lokacin ban daina sonsa ba. Ba mu gaya wa mutanen can komai ba. Maciji muka kama a ɗakinmu muka jefa ta katangar maƙwabci. Ban san 'yar wa ya haɗu da ita a can ba, wannan shi ne abin da ya fi hana ni sukuni a kan sallaya.

Da yamma Dauda ya zo ya tsaya a bakin madafi, idanunsa jawur. Ya ce, "Inna, kin sani tun na Shatu?"

Na ce, "Na sani. Kai ma ka sani."

Ya ce, "Na ga lokacin da ya bar rami ranar. Na so in faɗa a zaure. Akushinki ne ya rufe mini baki."

Bai zage ni ba, ya juya ya tafi. A ranar na rataye akushin. Kun ɗauka tsufa ne ya sa muka bar harkar ƙwallo, ba tsufa ba ne.

Bara da na je ta'aziyya Ɗansoshiya, na biya ta kasuwa in sayi nono. Ina durƙusawa gaban wata ƙwarya, na ɗaga kai, sai ga Shatu, da goyo a baya, ta yi ƙiba, ta yi kyau abinta. Na ce, "Shatu! Ashe rai kan ga rai?" Ta amsa gaisuwa lafiya lau, ta tambayi gajiya. Ta auna mini nono, har da ɗan gyara irin wanda ake yi wa kowa. Na tsaya ina neman ta inda zan fara. Ta ce, "Baiwar Allah, ɗan matsa, akwai mai saye a bayanki." Na matsa. Ban iya shan nonon ba, wani yaro na ba a tasha.

To ka ji. Yanzu ga abin da nake roƙonka, ni da ban taɓa roƙonka komai ba. Da farko ka nemi sunan yarinyar nan. Ka san lambar rigar Lawandi, ka san ƙafar da yake bugu da ita, ita kuwa ko sunanta ba ka sani ba, alhali da Uwani ce da ba ka ce "wata yarinya" ba. In ka sani ka riƙe a cikinka, kada ya zama abin hira a bakin fili ko waƙar yara. Ka je wurin mahaifinta, ka tuɓe takalmi, ka gaya masa ƙungiya ba za ta tsaya tsakanin 'yarsa da shari'a ba. In alkali ya wanke Lawandi, ka mayar masa da rigarsa a gaban jama'a da hannunka, ka tsaya masa yadda kowa zai gani. In kuwa ta tabbata, babu riga, babu saƙon yabo zuwa wani gari, duk wanda ya tambaye ka dalilin rabuwarku ka gaya masa gaskiya.

Na san abin da zai biyo baya. Za su ce ka ci amana, za su ce malamin makaranta ya cika iyayi. Wataƙila ka sa wani ɗan ƙaramin yaro a raga, 'yan Kiru su yi ta zura muku ƙwallo har ku rasa lissafi, su tafi da kofi suna yi muku gwalo. To sai me? Kofin da muka ci yana nan ƙarƙashin gado, ya yi tsatsa, Uwani ke tara maɓallai a ciki.

Akushin kuwa na ba ka, ban fasa ba. Itacensa mai kyau ne, tuwo ba ya saurin hucewa a ciki, in ka shafa masa man gyaɗa lokaci-lokaci ba zai tsage ba. Ku ci tare, ku so juna, ku yi jinyar juna. Amma ka sauya dokar Helma. Ka gaya musu tun ranar farko, kafin kowa ya wanke hannu: wanda ya ci a nan ɗan'uwa ne a ciwo, da rashi, da talauci, ban da zalunci. Ludayi yana hannunka yanzu. In ka ga ba za ka iya cewa "tashi, yau ba da kai ba," to kada ka zuba tuwo a ciki. Ka ba direban motar katako ya dawo mini da abina in mayar inda yake, ba zan yi fushi ba, ni ma na kasa.

Amma ina jin za ka iya. Kana ƙarami na taɓa leƙenka ta zana, ka raba ƙosai da yaron da ya gama dukanka, don ka ga ba shi da kowa. Na koma madafi na yi ta murmushi ni kaɗai, Gwaggo tana ta tambaya ko lafiya.

Kai yaro, sunanka ban taɓa kama shi da bakina ba, ba kuma zan kama ba har in koma ga Allah. A bakin mutane kawai nake jin sa. In mai mota ya faɗa, ko wata ta ambata a bakin rijiya, sai in yi kamar ban ji ba, in sunkuyar da kai, alhali zuciyata fari tas. Nan ne kaɗai rabona da sunan nan. Kada ka bari wata uwa a Tudun Wada ta kira shi tana kuka.

Allah ya yi maka albarka, ya ba ka ƙarfin zuciya ranar da za ka kira Lawandi, ya bayyana gaskiya ko ta wane ne, ya sanyaya zuciyar yarinyar nan da iyayenta. Allah ya tsare fitarka da shigarka, ya kare ƙafarka a fili, ya haɗa fuskokinmu da alheri. Kukar da na ƙulla maka ka sa ta inda ba danshi. Ba sai ka ba ni amsa ba, in mota ta zo zan leƙa in ga ko da akushi ko babu.

Ni ce,
Mai tuwon Riruwai.